Muryata ta fashe, an mayar da ni cikin 'yan amshi

Wasiƙar wannan makon daga Ƙaura Namoda ta zo. Na taƙaita ta, amma kalmomin nasa ne:

"Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗalibi ne, shekarata 15, ina aji ɗaya na babbar sakandare. Tun da na shiga makarantar nan ni ke jan waƙa, a asambuli, a ƙungiyar Hausa, da ranar raba kyaututtuka. Tun hutun da ya wuce muryata ta fashe. In na ɗaga ta sai ta tsinke kamar ta ɗan zakara mai koyon cara. Wata Litinin ta tsinke mini a gaban kowa. Malaminmu na Hausa ya kira ni, ya ce in koma cikin 'yan amshi har ta zauna, ya ba wani yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare jagoranci, ya ce in riƙa koya masa. Kowa yana kyautata mini, kuma wannan ya fi ci mini rai, don ina ganin tausayina kawai ake ji. Wani abokina ya ce akwai maganin tari mai gyara murya, wani ya ce mu tara kuɗi mu je situdiyo a Gusau, na'ura za ta gyara. Babana dama ba ya so, yana cewa gidanmu ba maroƙa ba ne. Ina tunanin in bar ƙungiyar gaba ɗaya. Me ka gani?"

Wa alaikumus salam, ɗana.

Na karanta wasiƙarka da safe, na ajiye ta, na sake ɗaukowa bayan la'asar. Abin da na gani shi ne kada ka bar ƙungiyar nan. Ka koma amshin da aka ce ka koma, ka tsaya a cikinsa da zuciya ɗaya. Na san mai shekara 15 ba ya karɓar "kada" sai an gaya masa dalili, kuma haƙƙinka ne a gaya maka, don haka ka gyara zama.

Sa yatsanka a wuyanka. Za ka ji zakaran wuya ya fara turowa, abin da bara war haka ba ka da shi. In kun yi darasin furuci, na tabbata malaminku ya zana muku maƙwallato a allo, da tantani biyu da ke cikinsa, waɗanda iska ke kaɗawa in ta taso daga huhu. Kaɗawar nan ita ce murya. Idan namiji ya kai balaga, maƙwallaton yakan girma, tantanin su ƙara tsawo da kauri. Ka dubi kuntigi, ka dubi garaya. Ƙaramin, mai gajeriyar tsirkiya, sautinsa a sama yake. Babbar, sautinta na ƙasa. Kai ka fi shekara goma kana kaɗa kuntigi har hannunka ya san shi ko ido rufe, sai aka wayi gari an ɗora maka garaya a cinya. Tsinkewar da kake ji, naman wuyanka ne ke neman sauti a inda ya saba tarar da shi, alhali sautin ya riga ya tashi daga wurin. Lafiyarka ƙalau. Kowane namiji da ka gani yana jan salla ko yana kiran kasuwa ya bi ta wannan hanya, sai dai yawancinsu ba a gaban asambuli abin ya same su ba.

Wani nasa yakan zauna cikin 'yan watanni, wani shekara guda, wani har biyu, kuma ko bayan ta daina tsinkewa muryar takan ci gaba da cika har mutum ya doshi ashirin. Gara kuma in gaya maka abin da abokanka ba za su gaya maka ba: waccan siririyar muryar da aka san ka da ita ba za ta dawo ba. Ta gama aikinta. In ka ji kewarta, ka ji, babu kunya a ciki, domin da ita aka fara sanin sunanka a makarantar. Amma wadda ke tafe ita ce za ka rayu da ita, kuma yadda ka riƙe ta a wannan shekarar yana da tasiri a kan yadda za ta kasance.

Yanzu maganar amshi, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai, saboda na ga ka ɗauke ta a matsayin rage girma. Ɗana, kai fa Bazamfare ne. Ƙasar da ka taso a cikinta ita ta haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo na Maradun, da Sa'idu Faru, da Kassu Zurmi. Ka tambayi duk wani dattijo a unguwarku yadda irin waɗannan mutane suka tashi. Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, gadon kiɗa ya yi wurin mahaifinsa Usman Ɗankwanda. Yana yaro ya shiga cikin masu amshi, ya yi wa mahaifinsa, bayan mahaifin ya yi wa wansa Kurna, ya daɗe a bayan wani kafin a wayi gari shi ke gaba. Mutumin da daga baya ya tsaya gaban Sardauna Ahmadu Bello ya yi waƙa, a sahun baya ya koyi aikin. Haka tsarin yake a gidajen makaɗan fada: ba a ba yaro jagoranci don zaƙin murya kawai, sai kunnensa ya nuna.

Ka samu ɗaya daga cikin tsofaffin waƙoƙin kotso, gangar makaɗan fada, ka sa a waya, amma a wannan karon ka ƙyale jagoran, ka bi 'yan amshin da kunnenka. Za ka ji abin mamaki. Jagora yakan fara ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, su kuma su cafe su ƙarasa, ba tare da an ji gaɓar da aka haɗa ba. Wani lokaci su yi masa ƙari, wani lokaci su raka shi, sannan su dawo da kowa kan gindin waƙa, wato layin da ake ta maimaitawa, daidai lokacin da ganga ke jira. Mutum huɗu ko biyar, numfashinsu ɗaya, bakinsu ɗaya. Wannan ba ya yiwuwa sai ga wanda ya iya sauraro. Kai kuwa, ka yi mini afuwa, shekara uku kana gaba kowa yana bin ka, ban tsammanin ka taɓa samun damar sauraron kowa ba. Jagora yakan ji muryarsa ne kawai. Ɗan amshi dole ya ji ta jagora, ya ji ta na damansa da na hagunsa, ya san inda zai shiga, ya san inda zai rage tasa don kada ta fita daban. Mawaƙin da bai bi ta nan ba, ko ya yi suna, in ka saurare shi da kyau za ka ji yana gudu yana barin kiɗa, ko kiɗa yana barinsa.

Akwai kuma amfani ga maƙogwaron kansa. A cikin amshi ba sai ka kai ƙololuwa ba. Kana iya bin waƙar a ƙasa, inda muryarka ta yanzu take jin daɗi, kuma in ta tsinke, muryoyin 'yan uwanka sun rufa maka asiri. Da malaminka likita ne, da abin da zai rubuta maka ke nan.

Ka ce kyautatawar da ake yi maka ta fi ci maka rai. A nan zan ba ka labarin da ban cika bayarwa ba. Na koyar a makarantar kwana shekaru masu yawa, kuma ni ke kula da ƙungiyar Hausa da wasan kwaikwayo. Ina da wani yaro mai murya kamar sarewa. Saura kwana tara bikin ƙarshen shekara, muna gwaji a ɗakin cin abinci bayan isha, muryarsa ta tsinke sau uku a baiti ɗaya. Hankalina yana kan manyan baƙin da za su zo. Na ɗaga hannu na ce, "Kai, je ka zauna. Wane, zo ka karɓa." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ya tafi can ƙarshen benci ya zauna, ya sa hannuwansa tsakanin gwiwoyinsa, yana kallon kwanon da wani ya manta a kan tebur. Ban kira shi daga baya ba, ban gaya masa abin da ke faruwa da jikinsa ba, ban ba shi wani wuri a cikinmu ba. Bai sake zuwa gwaji ba har ya gama makarantar. Biki ya yi kyau, an tafa mana, ni kuwa har yau in na tuna zaman yaron nan a bencin sai in nemi gafarar Allah.

Shi ya sa da na karanta abin da malaminka ya yi, na ji ina ma ni ne na yi haka. Bai kore ka a gaban mutane ba, kiran ka ya yi gefe. Ya ba ka wurin tsayawa. Ya ce "har ta zauna", wato yana jiran ka. Sannan ya damƙa maka yaron da zai ja waƙar. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan na ƙarshen. Wanda ake jin tausayinsa kawai, lallashinsa ake yi a sallame shi. Ba a ba shi amanar ɗan wani. Malamin nan ya auna ka, ya ga akwai abin da ka sani wanda ya cancanci a koya wa na baya. Abokanka kuma da ba su yi maka dariya ba, ka daina bincikar zuciyarsu. Shekara uku suna tsaye a bayanka suna karɓa maka, kai ba ka taɓa cewa tausayinsu kake ji ba.

Ka kuma tuna inda kake. Kana firamare lokacin da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairun 2021, kuma ka san yadda aka rufe makarantu a jihar nan a cikin waccan shekarar. Akwai sa'o'inka a ƙauyukan da ke kewaye da ku da har yau ba su koma aji ba. Makarantar da yara ke taruwa da safe, har akwai malamin da ke da sararin zuciyar da zai damu da muryar yaro ɗaya, ba abin da za a juya wa baya cikin fushi ba ce.

To, me za ka riƙa yi kullum? Kaɗan ne, amma a kan kari. Bayan sallar asuba, kafin hayaniya ta tashi, ka rufe bakinka ka fitar da sauti a hankali ta hanci, "mmm", har ka ji leɓɓanka suna ɗan ƙaiƙayi. Ka gangara da sautin ƙasa, ka hau da shi sama sannu sannu, kamar mai hawa matakala da tulu a ka. Inda ka ji ya fara maƙalewa, nan ne iyakarka ta yau, ka dawo. Za ka tarar kana da sautuka biyar ko shida da suke fita ba wahala. Su ne gonarka a yanzu, su za ka noma. Minti goma ya isa, sha biyar in ka ji daɗi. Bayan wata guda za ka ga iyakar ta matsa da kanta, wani lokaci ma ta koma baya na 'yan kwanaki kafin ta sake gaba, kada wannan ya tayar maka da hankali.

Numfashi kuwa, yanzu ne lokacin koyonsa, domin shi ba ya fashewa. Kwanta rigingine a tabarma, ka ɗora littafin lissafinka a kan cibiya. Ja iska ta hanci, ka ga littafin ya tashi, kafaɗunka kuma ba su motsa ba. Sai ka sake ta a hankali da "sss", kana ƙirgawa a zuci. Yau ka kai sha biyar, wani mako ka kai ashirin. Yawancin yara masu zaƙin murya da wuya suke waƙa, shi ya sa jijiyoyin wuyansu ke tashi in sun ɗaga. Babba da ciki yake tura ta. In ka iya wannan kafin sabuwar muryar ta iso, za ta tarar an share mata ɗaki.

Abubuwan da ke ɓata murya a wannan lokaci ka san su, sai dai ba ka ɗauke su da muhimmanci ba. Ihu a gidan kallon ƙwallo na minti casa'in yana gajiyar da tantanin nan ƙwarai. Yawan gyaran murya da kakari yana goga su da juna, gara ka kurɓi ruwa ka haɗiye. In ta dishe, hutu take so, kuma raɗa ba hutu ba ce, tana matse maƙogwaro ita ma. Hunturun ƙasarmu ka san shi, ƙura da bushewa, don haka ka riƙa rufe hanci da baki in za ka fita da sassafe, ka nisanci hayaƙin murhu da na shara, taba da shisha kuwa ba ma sai na faɗa ba. Ruwa shi ne babban abokinka, a sha shi tun kafin ƙishi, a watan azumi kuma a cika shi tsakanin buɗa baki da sahur, a rage gwaji da rana. Zuma da citta da iyayenmu ke ba mu suna sanyaya maƙoshi, ban hana ka ba, amma ka sani abin da ka haɗiye hanyar abinci yake bi, ba ya taɓa tantanin murya, waɗanda ke kan hanyar iska. In kuwa dishewa ta wuce mako uku ba ta saki ba, ko kana jin zafi in kana magana, ko ka ga jini a kaki, ko numfashi yana yi maka wuya, wannan ya wuce fashewar murya, ka gaya wa Baba a kai ka asibiti wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro.

Maganin tarin da abokinka ya ambata, ka ji ni da kyau: kada ka kusance shi. Na san irin wanda yake nufi. Mai kodin ne, wanda gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da shi a 2018 saboda yadda ya cinye matasan Arewa. Ba ya ƙara wa murya komai. Abin da yake yi shi ne ya kashe maka ji, sai ka yi ta matsa wa maƙogwaro ba ka san kana ji masa ciwo ba, ya busar da baki, ya rage ƙarfin numfashi, sannan ya kama ka ya ƙi saki. Na ga yara masu baiwa da suka fara da murfi ɗaya "don murya", na kuma ga inda suka ƙare. Abokin nan wataƙila da kyakkyawar niyya ya faɗa, shi ma ji ya yi. Ka gaya masa abin da na gaya maka, in kuma ka ga shi kansa yana sha, ka sanar da wani babba da ka amince da shi.

Situdiyo ba laifi ba ce, lokacinta ne bai yi ba. Gaskiya ne na'ura tana iya jan sautin da ya karkace ta daidaita shi, kuma da yawan waƙoƙin fiyano da kake ji an bi da su ta nan. Amma na'urar ba za ta bi ka asambuli ba. Kuma muryar da za ka biya kuɗi a ɗauka yau, nan da wata shida ba ita ce a wuyanka ba. Ajiye kuɗinka. In kana son amfanin na'ura, ari wayar yayanka sau ɗaya a mako, ka ɗauki kanka kana rera baiti ɗaya tak, kullum shi, ka adana. Ranar da ka jera na wata huɗu ka saurara, da kunnenka za ka ji ana gina mutum.

Akwai aikin da nake so ka fi ba ƙarfi a wannan shekarar, shi ne kalma. Murya aro ce, ka gani da idonka yadda ake karɓe ta a canza maka wata. Abin da ya sa ake sauraron mawaƙan da na ambata shekaru bayan rasuwarsu, har ana rubuta digiri a kansu a jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya, shi ne abin da suka faɗa da yadda suka jera shi. Sayi littafin rubutu na musamman. Fara da ƙwar biyu, wato baiti mai layi biyu, in hannunka ya faɗa ka gwada ƙwar huɗu da ƙwar biyar. Ka kula da amsa-amo, wato dacewar sautin ƙarshen layuka, ka riƙa buga gaɓoɓin da yatsa a kan benci, kana jin mai nauyi da marar nauyi. Hausa harshe ne da ba ya yafe wa mawaƙi sakaci: in ka ja wasalin farko na "gari" don karin waƙa ya cika, ka mayar da birni abin tuwo. Irin wannan kunnen a amshi da rubutu ake samunsa. Ka kai wa malaminka abin da ka rubuta ya sa maka jan biro. Ba asara, domin waƙa rubutacciya da adabin baka suna cikin abin da za a tambaye ka a takardar Hausa ta WAEC da NECO. Kuma ka yi tunanin ranar da yaron nan zai tsaya gaban makaranta yana rera baitin da kai ka tsara.

Saura maganar Baba, wadda ba na so ka ɗauke ta da wasa. Da ya ce gidanku ba maroƙa ba ne, tsoro ne yake magana. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, yana da gidajensa, kuma mutanen zamanin mahaifinka sun taso suna ganin mawaƙi a ƙofar masu kuɗi yana jiran abin da za a miƙo. Yana tsoron ka bar karatu, ka shiga yawon biki, ka faɗa hannun abokan banza. In ka duba shawarar maganin tarin da aka riga aka kawo maka, za ka ga tsoron nasa yana da tushe. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, wannan fagensu ne, ni ba zan yanke maka hukunci a kai ba. Waƙa mai ma'ana da baki kuwa tsohuwar hanya ce ta karantarwa a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙoƙi ta karantar da matan karkara, jajis ɗinta, wato matan da ta horar su karantar, suna haddacewa suna kai wa 'yan taru, matan da ke ɗaukar karatu, a garuruwansu. Baffanta Abdullahi na Gwandu shi ma ya bar waƙoƙi masu yawa. Na gaya maka wannan don zuciyarka ta natsu, ban ba ka don ka je ka yi wa mahaifinka wa'azi da shi ba. Ɗa ba ya cin gardama da uba, ko ya ci ya faɗi.

Abin da za ka yi shi ne ka daina ɓoye masa komai. Duk inda za ku je da ƙungiya, ya sani, ya kuma san wane malami ne zai raka ku. Sakamakon jarrabawarka ya zama shi ke yi maka magana, domin ranar da lissafi ko Turanci ya faɗi, waƙa za a tuhuma, kuma da gaskiyarsu. Ka roƙi malaminka na Hausa, in zai iya, ya je ya gaishe da Baba a gida, babba da babba, ya gaya masa irin waƙoƙin da kuke yi. Ka bi ta wurin Inna ko wani kawunka da Baba ke jin maganarsa, a gayyace shi ranar raba kyaututtuka, gani ya kori ji. Na sha ganin uban da ya zo fuska a ɗaure, ya zauna a layin baya, ya ji ɗansa yana rera waƙa a kan biyayyar iyaye ko neman ilimi, ya koma gida bai ce komai ba, amma bai sake hanawa ba. In kuma bayan duk wannan ya ce a'a, ka bi umarninsa, ka nemi alfarmar ya bar maka na cikin makaranta kaɗai, ka riƙe littafin rubutunka. Albarkarsa tana gaba da kowane dandali.

Ranar Litinin mai zuwa, ka riga kowa zuwa. Ka nemi yaron nan kafin a buga ƙararrawa, domin na tabbata cikinsa ya ɗuri ruwa, yana ganin ya hau kujerar da ba tasa ba, yana kuma tsoron kana jin haushinsa. Ka ba shi ruwa ya kurɓa, ka nuna masa inda zai ja numfashi a baiti na biyu, wurin da kai ka san yana da wuya. Sannan ka tsaya a bayansa daf da kafaɗarsa ta dama, inda zai riƙa jin ka. In ya yi rawa, ka riƙe masa gindin waƙar da sabuwar muryarka, a ƙasa, ba tare da ka danne shi ba. Wata rana tasa ma za ta fashe, kuma zai tuna yadda ka yi.

Ka gaishe mini da malaminka, ka ce wani tsohon malami ya gode masa. Ka sake rubuto mini bayan hutun ƙarshen zango, ina so in ji yadda yaron ya yi, da ƙirgen da ka kai a "sss", da abin da Baba ya ce.

Allah Ya yi maka albarka.